Yadda Injiniya Ke Samun Izinin Ɗora Manhaja a Rumbun Debian da Ubuntu

A duk lokacin da kwamfuta mai aiki da tsarin Debian ko Ubuntu ta sabunta manhajojinta, tana sauko da su ne daga wani babban rumbu da ke intanet, ta girka su ba tare da mai ita ya leƙa abin da ke ciki ba. Kamfanoni da jami'o'i da ma'aikatu a faɗin duniya sun dogara da wannan rumbu. Shi ya sa injiniyan da ke neman izinin ɗora kaya a cikinsa yake shafe watanni, wani lokaci shekaru, kafin a damƙa masa wannan amana.

Debian da Ubuntu suna cikin abin da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kuma rarraba. Ian Murdock ne ya kafa Debian a watan Agustan 1993 a Amurka, kuma har yau 'yan sa kai ne ke tafiyar da shi. Ubuntu kuwa ya fito ne a watan Oktoban 2004 a ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, kuma akasarin manhajojinsa daga rumbun Debian yake ɗebo su.

Kowa na iya ba da gudummawa a wannan aiki, amma ɗora kaya a rumbu sai wanda aka tantance. Dalili yana cikin yanayin kayan. Ba a ajiye manhaja a rumbun yadda marubucinta ya sake ta. Sai an shirya ta cikin wani ƙunshi mai ɗauke da bayanin sauran manhajojin da take buƙata, da lasisinta, da umarnin girka ta. Wannan umarni yana gudana ne da cikakken iko a kan na'ura. Duk wanda ke da izinin ɗora ƙunshi, tamkar an ba shi makullin kowace kwamfutar da za ta girka shi ne. Rumbun Debian na ɗauke da ƙunshi sama da 60,000, masu cikakken izini kuwa kimanin dubu ɗaya ne.

Matakin farko shi ne aiki a hannun wani. Sabon shiga zai ɗauki wata manhaja da ta rasa mai kula da ita, ko ya gyara wata matsala da aka kai rahotonta, sannan ya nemi cikakken mamba ya duba aikin. Idan mamban ya gamsu, shi ne zai sa hannu ya ɗora, kuma duk abin da ya biyo baya yana wuyansa. Sau da yawa yakan mayar da aikin sau biyu ko uku: a gyara bayanin lasisi, a cire fayil ɗin da ba a san asalinsa ba, a tabbatar ƙunshin zai ginu a kan nau'o'in na'urori daban-daban. Dukan wannan kai-komo a fili ake yin sa, yana nan a rubuce, kuma shi ne shaidar da za a duba ranar da mutum ya nemi izini.

Mataki na biyu shi ne matsayin mai kula, wanda Debian ya ƙirƙiro a shekarar 2007 bayan mambobi sun kaɗa ƙuri'a. Mai neman wannan matsayi sai ya amince da yarjejeniyar da Debian ya tsara a 1997, wadda ta yi alkawarin cewa tsarin zai ci gaba da zama buɗaɗɗe kuma ba za a ɓoye matsaloli ba. Sai kuma aƙalla cikakken mamba ɗaya da ya yi aiki da shi ya tsaya masa a rubuce. Ko bayan an karɓe shi, ikonsa taƙaitacce ne: ƙunshin da wani mamba ya ba shi izini a kansa kaɗai zai iya ɗorawa.

Akan so mutum ya yi kamar wata shida a wannan matsayi kafin ya nemi zama cikakken mamba. A nan za a haɗa shi da wani jami'i da zai yi masa tambayoyi kan manufofin Debian da dokokin lasisi, ya kuma jarraba ƙwarewarsa. Rahoton jami'in zai je wurin masu kula da rajistar mambobi, waɗanda su ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

Akwai kuma batun tabbatar da ko wane ne mutum. Kowane ƙunshi da aka ɗora yana ɗauke da sa hannu na dijital da aka yi da mabuɗin sirri na mai ɗorawa, kuma rumbun ba ya karɓar sa hannun da bai sani ba. Bisa al'ada, mai nema yakan haɗu ido da ido da mambobi, ya nuna fasfo ko wata takardar shaida, su kuma su tabbatar da mabuɗinsa. Wannan sharaɗi ya daɗe yana wahalar da mazauna ƙasashen da mambobi ba su da yawa, har da na Afirka, inda aka taɓa yin babban taron shekara na Debian a birnin Cape Town a 2016. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana tafiye-tafiye, an buɗe wata hanya ta daban: mambobin da suka daɗe suna aiki da mutum suna iya shaida cewa mai wannan mabuɗi shi ne wanda suka sani da aiki.

Ubuntu yana da nasa tsarin mai kama da wannan. Wani kwamiti da mambobi ke zaɓa ne ke sauraron masu nema. Injiniya zai rubuta tarihin ayyukansa, waɗanda suka riƙa ɗora masa kaya su rubuta shaidarsu, sannan ya halarci zaman kwamitin a intanet, a yi masa tambayoyi a bainar jama'a, a kaɗa ƙuri'a. Ana iya ba shi izini kan ƙunshi guda ko rukuni guda, sai daga baya ya nemi ƙari. Wanda bai samu ba akan faɗa masa inda ya gaza domin ya sake dawowa.

Abin da ya faru da manhajar xz ya nuna dalilin wannan tsantseni. Manhaja ce ta matse fayiloli da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, kuma mutum guda ne ya daɗe yana ɗawainiya da ita a matsayin ɗan sa kai. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu amfani a 2021, yayin da wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa matsa wa mai kula lamba ya nemi mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon fitar da sabon zubi. A watannin Fabrairu da Maris na 2024 ya fitar da zubi na 5.6.0 da 5.6.1 ɗauke da ɓarauniyar hanyar shiga kwamfutocin mutane daga nesa.

Andres Freund, injiniya a kamfanin Microsoft, shi ne ya bankaɗo lamarin a ranar 29 ga Maris, 2024, bayan ya lura cewa shiga wata na'ura daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Jia Tan ba mamban Debian ba ne. Ta hannun mawallafan manhajar na asali cutar ta shigo. Amma ta tsaya ne a sashen gwaji na Debian, domin sabon ƙunshi sai ya bi matakai kafin ya kai ga tabbataccen zubin da ke fita kusan duk shekara biyu. Ubuntu ya ɗage fitar da zubin gwaji na 24.04 da mako guda domin sake gina kayansa.

Tsarin yana da masu suka. Masu nema sukan yi ƙorafin cewa aikinsu na iya shafe makonni ba wanda ya duba, saboda masu dubawa su ma 'yan sa kai ne. Labarin xz ma ya nuna cewa ƙarancin hannu haɗari ne: mai kula da aiki ya yi wa yawa shi ne ke saurin miƙa makulli ga duk wanda ya zo da taimako. Don haka al'ummomin na fuskantar buƙatu biyu a lokaci guda, ƙara sababbin mutane da kuma sanin waɗanda ake ƙarawa.

Ga matashin injiniya a Kano ko Legas ko Yamai, ba a neman digiri, ba a kuma biyan ko sisi. Abin da ake dubawa shi ne aikin da aka gani: ƙunshi ɗaya da aka riƙe da kyau, rahoton matsala da aka amsa a kan lokaci, gyaran da aka karɓa ba tare da gardama ba. Debian yana wallafa jerin ƙunshin da ke neman mai kula, kuma daga nan ne da yawa daga cikin mambobinsa suka fara.