Abin da Hoton Zuciya Ke Nunawa a Jikin Dattijo Mai Ciwon Suga

Hoton zuciya da likitoci ke kira eko ɗan'uwan wanda ake yi wa masu juna biyu ne. Majiyyaci yakan kwanta ta gefen hagu, a shafa masa mai mai santsi a ƙirji, a ɗora 'yar na'ura tsakanin haƙarƙari. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi zuciya ya dawo, sai a ga ɗakunanta huɗu suna motsi a allo. Ba allura, ba zafi. Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara gwada shi a birnin Lund na Siwidin a 1953.

A wurin dattijon da ya daɗe da suga, abin da akan fara gani shi ne taurin babban ɗakin hagu, mai tura jini ga duk jiki. Tsokar takan zama kamar fatar da ta sha rana: tana matsewa, amma ba ta saki sosai ta cika da jini. Bangonta yakan yi kauri, balle in da hawan jini, ƙaramin ɗakin da ke sama kuma ya buɗe saboda cunkoson jini. Tun 1972 Shirley Rubler da abokan aikinta suka bayyana cewa suga kaɗai yana iya lalata tsokar zuciya, ko da hanyoyin jininta ba su toshe ba.

A nan ake yawan ruɗewa. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kimanin kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin babban ɗakin hagu a kowane bugu, kuma mai taurin zuciya yakan sami adadin daidai. Amma ga shi yana haki kafin ya kai masallaci, ƙafafu sun kumbura da yamma, barci sai ya tara matasai. Iyali su ce tsufa ne. Wannan kuskure ne mai jawo jinkirin magani.

Wani lokaci hoton yakan nuna sashen bango da ya daina motsi, tabon toshewar jini da ta wuce ba ciwon ƙirji, domin suga yana dakusar da jijiyoyin jin zafi. Taurin ƙofofin zuciya kuwa yawancinsa aikin shekaru ne.

Sakamakon shi ke taimaka wa likita zaɓen magani. Wasu magungunan suga, irin su empagliflozin da dapagliflozin, suna rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya, har ga masu wannan tauri.