Kwana Cikin Mota a Hanyar Maiduguri: Matsayin Doka da Abin da Ya Shafi 'Yan Kasuwa

MAIDUGURI — Direbobi da fatake masu safarar kaya zuwa Maiduguri sun saba kwana cikin motocinsu idan dare ya riske su a hanya. Sai dai wannan al'ada tana da sharuɗɗa a doka, tana kuma da haɗari ga rai da dukiya.

Barci cikin motar da aka ajiye ba laifi ba ne a ƙarƙashin dokokin hanya na tarayya. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga. Haka kuma, wata dokar soja ta 1989 kan ƙananan laifuffuka ta soke laifin nan na yawon dare, wanda a da ake kama mutane da shi. Amma 'yan sanda suna da ikon tambayar mai mota da bincikar kayansa idan suna da dalilin zargi.

Abin da doka ta fi dubawa shi ne wurin da aka ajiye motar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cin tarar duk wanda ya tare hanya da motarsa, ko ya tsaya a kan titi ba tare da sanya alamar gargaɗi ba.

A Jihar Borno kuwa akwai ƙarin sharaɗi. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita zirga-zirga saboda tsaron jama'a. Bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a Borno, Yobe da Adamawa a watan Mayu na 2013, an yi ta sanya dokar hana fita da rufe hanyoyi da yamma. Wanda ya makara sai ya kwana a bayan shinge.

Ranar 9 ga Fabrairu, 2020, matafiyan da suka iske an rufe hanyar shiga Maiduguri sun kwana a Auno, kimanin kilomita 25 yamma da birnin a kan hanyar Damaturu. Cikin dare mahara suka auka musu, suka kashe aƙalla mutum 30, suka ƙone motoci 18, har da na dakon kayan abinci. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ziyarci garin washegari, inda ya nuna ɓacin ransa kan yadda aka bar matafiya ba kariya.

Ga ɗan kasuwa, darasin a bayyane yake. Inshorar kaya a hanya sau da yawa ba ta biyan asarar da yaƙi ko ta'addanci ya haddasa, sai an sayi ƙarin kariya ta musamman. Wasu takardun kuma suna gindaya sharaɗin ajiye mota da dare a wuri mai gadi.

Saboda haka ya kamata mai kaya ya karanta takardar inshorarsa, ya kuma rubuta yarjejeniya da mai mota kan inda za a kwana da wanda zai ɗauki asara. Lokutan buɗe hanya suna sauyawa, don haka a tuntuɓi ƙungiyar direbobi a tasha kafin a yi lodi. Direban da ya ga yamma ta yi masa a Damaturu, gara ya kwana a tashar garin ya kama hanya da safe.