Hankakan Ƙarfe: Yadda Sunan Tsuntsu Ya Koma Sunan Kayan Aiki

A kusa da ƙarshen wasan kwaikwayon Romeo da Juliet, wanda William Shakespeare ya rubuta wajen shekarar 1595, akwai inda hankalin wani malamin coci mai suna Laurence ya tashi matuƙa. Shi ne ya ba Juliet maganin da ya sa ta yi kamar ta mutu, aka kai ta hubbaren danginta aka rufe. Ya aika wa Romeo wasiƙa don ya zo ya ɗauke ta idan ta farka, sai ga ɗan aiken ya dawo da wasiƙar a hannu. Ashe hukumar gari ce ta kulle shi a wani gida bisa zargin annoba, ko ƙofar gari bai fita ba. Saura sa'a uku yarinya ta buɗe ido a tsakiyar gawawwaki. Nan take Laurence ya ce a yi maza a kawo masa hankakan ƙarfe.

'Yan kallon Landan ba su buƙaci wani bayani ba. A Turanci crow na nufin hankaka, irin nasu baƙi wuluk wanda ba shi da farin ƙirji kamar namu. Amma tun wajen shekarar 1400 ake samun kalmar a rubuce da ma'ana ta biyu: sandar ƙarfe da ake ɓanɓare ƙofa, a ɗaga dutse, a zare ƙusa da ita. Ita ce a yau ake kira crowbar. Shakespeare ya yi wasa da ma'anonin biyu a The Comedy of Errors, inda aka kulle wa wani magidanci ƙofar gidansa, ya ce wa baransa ya je ya aro hankaka a fasa ƙofar, baran kuwa ya shiga tsokana a kan hankakan da ba shi da gashi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kafinta yana kwance rufin tsohon gida ya ga wannan ƙarfe yana aiki. Ɗaya bakin shafaffe ne kamar kurfi, ɗayan a lanƙwashe yake, an tsaga shi biyu. Kafinta zai cusa tsagar a ƙarƙashin kan ƙusa, ya jingina gwiwar ƙarfen a kan katako, ya danna ɗaya ƙarshen. Sai ka ji ƙusar ta yi ƙara ta fito a lanƙwashe, ƙusar da mutum uku ba za su iya zarewa da hannu ba. Sirrin yana cikin tazara. Idan ƙarfen ya kai santimita 110, aka jingina shi a santimita 10 daga baki, to ƙarfin mai dannawa ya ninku sau goma: nauyin kilo 50 a wannan gefe zai ɗaga kilo 500 a wancan. Arkimidis, masanin lissafin nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne ya zayyana wannan ƙa'ida a lissafe, ko da yake magina sun daɗe suna cin moriyarta kafin a haife shi.

To me ya haɗa ƙarfe da hankaka? Masana asalin kalmomi sun rabu. Wasu sun ce lanƙwasar ce ta yi kama da bakin tsuntsun, wasu suka ce tsagar ce ta yi kama da yatsun ƙafarsa. Akwai kuma masu ganin wata tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin ƙugiya ta taimaka, domin furucinsu ya yi kusa.

Idan aka leƙa maƙwabtan Ingila, sai a ga masu cewa ƙafa ce suna da abin kafa hujja. Faransawa suna kiran wannan ƙarfe ƙafar barewa. Italiyawa sun ce ƙafar alade. A Fotugal da Sifaniya ƙafar akuya ce, a Jamus da Holan da Suwidin kuma ƙafar saniya. Dukkan dabbobin nan kofatonsu a tsage yake. Manomi ne ko maƙeri ya kalli bakin ƙarfen, ya tuna da sawun da yake gani kullum a garke, ya raɗa masa suna. Cikin waɗannan harsuna, Ingilishi ne kawai ya bar garke ya kama tsuntsu. Su ma masu cewa baki ne ba su rasa madafa ba. A yaƙin Rum da Kartaj na farko, a karon da aka yi a tekun Milai shekara 260 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa sun ɗaura wa jiragensu wata gada ta katako mai tsinin ƙarfe a ƙarshe. Sai su sako ta a kan jirgin abokan gaba, tsinin ya cake ya riƙe, sojoji su tsallaka. Sunan wannan gada corvus, wato hankaka da Latin, saboda yadda take sara.

A littafin Robinson Crusoe na Daniel Defoe, wanda ya fito a 1719, har lokacin hankakan ƙarfe ake cewa. Cikin kayan da Crusoe ya kwaso daga jirgin da ya farfashe akwai irin waɗannan ƙarafa, kuma da su ya haƙa kogonsa da ya rasa diga. Sai a 1748 aka fara ganin crowbar a rubuce, an liƙa wa tsuntsun kalmar da ke nufin sanda. Daga nan sabon sunan ya yi ta bunƙasa har ya danne tsohon.

Ba tsohon sunansa kaɗai ya danne ba. A arewacin Ingila da Sikotlan akwai kalmar gavelock, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Fiye da shekara dubu da suka wuce, a tsohon Turanci, ƙaramin mashi take nufi, irin wanda ake jifa da shi. Da zamanin mashi ya wuce sai sunan ya koma kan doguwar sandar ƙarfe da makiyaya ke huda ƙasa da ita don kafa turakun garken tumaki, aikin da dagi ke yi a ƙasar Hausa idan za a kafa danga. Joseph Wright ya shigar da kalmar a ƙamusunsa na karin harsunan Ingila, wanda ya fito tsakanin 1898 da 1905. Yau da wuya a ji ta a bakin matashi.

Ɓarayi ma sun yi nasu raɗin sunan. Gajeren ƙarfen da ke shiga cikin riga, wanda ake ɓalle taga da shi cikin dare, a Ingila sunansa jemmy tun farkon ƙarni na 19, daga lakabin masu suna James. A Rasha fomka ne, daga sunan Foma. Masu aikin lantarki kuwa sun ari crowbar suka saka wa wata dabara ta kare na'ura: idan wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima, sai wani ɗan sashe ya haɗe wayoyin biyu da gangan, fis ya ƙone, na'urar ta tsira, kamar an jefa sandar ƙarfe a kan wayoyin.

Akwai wani labari da ke yawo, musamman a Amurka, wai daga Jim Crow sunan ya samo asali, wai don baƙaƙen fata ne ake ba aikin wahala da wannan ƙarfe. Labarin yana shiga rai, domin zaluncin da yake nuni da shi gaskiya ne. Jim Crow suna ne na wani hali da wani Bature ɗan wasa, Thomas Rice, ya shahara da shi wajen 1830. Yakan shafa baƙi a fuska ya hau dandamali yana kwaikwayon baƙin mutum don a yi dariya. Daga baya sunan ya koma kan dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka, waɗanda suka raba makarantu da jiragen ƙasa da wuraren cin abinci tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa dokokin 1964 da 1965 da suka soke su. Akwai ma wani ƙarfen lanƙwasa layin dogo da ma'aikata ke kira jim crow, wanda ya ƙara rikita mutane.

Amma shekaru sun ƙi yarda. An haifi Rice a 1808, shekara sittin bayan crowbar ta bayyana a rubuce, kimanin shekara ɗari huɗu kuma bayan an fara kiran ƙarfen da hankaka. Ba ta yadda za a yi ɗa ya haifi kakansa. Irin wannan ƙage ba ya taimakon kowa. Tarihin baƙaƙen Amurka cike yake da hujjoji tabbatattu, kuma duk ƙaryar da aka cusa a ciki makami ce aka miƙa wa masu son musanta gaskiyar.

Abin takaici shi ne kalmar tana da nata tarihin zalunci na gaske, wanda ba a cika ambata ba. A Ailan, a ƙarni na 19, yawancin manoma haya suke yi a filayen manyan attajirai. Lokacin babbar yunwar 1845 zuwa 1852, da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, waɗanda suka rayu kuma da yawa suka kasa biyan haya. Masu filaye suka riƙa ɗaukar gungun ƙarti suna zuwa da rakiyar 'yan sanda. A fito da iyali waje da tarkacensu, a cusa ƙarafa a ƙarƙashin rufi a yaye shi, a ture bango, don kada su koma bayan an tafi. Jama'a suka saka wa waɗannan mutane suna Crowbar Brigade, wato rundunar masu ƙarfen ɓanɓara, sunan ya shiga jaridu da jawaban 'yan siyasa.

Aikin bai tsaya da ƙarewar yunwa ba. A watan Afrilun 1861, a Derryveagh da ke yankin Donegal, wani mai fili, John George Adair, ya kori mutum 244 daga gidajensu cikin kwana uku, bayan an kashe wakilinsa kuma ya ɗora laifin a kan 'yan hayarsa ba tare da kotu ta kama ko ɗaya da laifi ba. Aka rushe yawancin gidajen a kan idon masu su. Wasu suka ƙare a gidan gajiyayyu na Letterkenny, matasa da dama kuwa suka hau jirgin ruwa zuwa Ostireliya a 1862, da kuɗin da 'yan uwansu 'yan Ailan mazauna can suka tara musu.