Wiwin da ba ya jiran dare: labarin wani iri daga Finlan

Duk manomin da ya san bambancin gero da maiwa ya riga ya fahimci rabin wannan labari. Gero kwanakinsa yake ƙirgawa: a shuka shi da ruwan fari, cikin kamar wata uku ya fid da kai ya nuna. Maiwa kuwa babu ruwanta da ranar shuka. Sai yini ya fara gajarcewa a ƙarshen damina sannan za ta yi bununi.

Wiwi halin maiwa gare shi. Muddin yini na da tsawo, sai dai ya yi ta miƙewa yana ƙara ganye, ba zai yi fure ba sai dare ya soma tsawo. A Kano, inda tsawon yini bai wuce tsakanin awa 11 da 13 ba duk shekara, wannan ba wani abin magana ba ne. Amma a garin Kuopio na ƙasar Finlan, can arewacin Turai, rana kan yi kusan awa 20 a sama a watan Yuni. Kafin dare ya kai tsawon da shukar take so, Satumba ta shigo, sanyi mai daskarar da raɓa ya sauka, ya ƙone gonar tun ƙwaya ba ta cika ba.

Sai dai a yi hattara da sunan. Wanda ake magana a kansa ba irin da 'yan shaye-shaye suke naɗawa ba ne. Ɗan uwansa ne na jini da Turawa suka daɗe suna nomawa don igiya da tufafi da mai, kamar yadda ake noman rama a nan. Sinadarin THC mai bugarwa kaɗan ne ƙwarai a jikinsa. Dokar Kanada da ta Amurka sun ce kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100, Tarayyar Turai ma ta koma kan wannan adadi a 2023 bayan ta daɗe a kan 0.2.

A 1995 wasu masana biyu, Jace Callaway, Ba'amurke mai bincike a jami'ar Kuopio, da Tero Laakkonen, suka gwada wasu ire-iren wiwi da aka samo daga cibiyar Vavilov da ke Saint Petersburg a Rasha. Wannan rumbun iri kansa abin labari ne. A yaƙin duniya na biyu, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya, wasu ma'aikatansa yunwa ta kashe su alhali ga shinkafa da gyaɗa a gabansu, sun ƙi taɓa irin da aka ba su amana. Shi kansa Nikolai Vavilov, wanda cibiyar ke ɗauke da sunansa, a kurkukun Saratov ya mutu a 1943.

Abin da ke cikin ƙwayoyin wiwin nan na arewacin Rasha shi ne halin gero. Tun 1924 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Janischewsky, ya bayyana wani gajeren wiwin daji da ke fitowa a bakin hanya da gefen gonaki, wanda ya raɗa wa suna ruderalis. Irin wannan jinsi kwanaki yake ƙirgawa, yana fure ko rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba.

Aikin da ya rage na haƙuri ne, kuma tsohon aiki ne da kowace tsohuwa mai ware zangarniyar iri ta sani: a bar wanda ya riga nuna, a cire wanda ya makara, baɗi a sake. Wahalar ita ce wiwi kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace, kuma iska ce ke kwasar garin furen namiji ta kai nesa. Gona ɗaya ta wani iri dabam a maƙwabta ta isa ta gurɓata aikin shekaru. Shi ya sa ake nisanta gonakin iri da juna.

Abin da ya fito aka fara kiransa FIN-314, daga baya Finola. Gajere ne, da ƙyar yake wuce tsayin mutum, alhali masu ba da igiya kan kai mita uku zuwa huɗu. Gajartar nan ita ce kasuwarsa, domin injin girbin alkama na iya shiga ya yanke shi ba tare da zaren kara ya nannaɗe masa haƙora ba. Mazan sukan bushe bayan sun gama aikinsu, matan su tsaya ɗauke da ƙwaya, tsuntsaye kuma su yi ta kai hari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar mai ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin, ana matse ta a zuba man a abinci, tunkuzar a ba dabbobi.

Kanada, wadda ta halatta wannan noma a 1998, ita ta fi cin moriyarsa. A filayen Manitoba da Saskatchewan da Alberta, inda lokacin noma gajere ne, Finola ya zama cikin ire-iren da aka fi shukawa. A Turai sai 2003 ya shiga jerin waɗanda aka amince da su, kuma bai zauna lafiya ba: a 2007 aka cire shi daga jerin masu samun tallafi, saboda wasu samfura sun haura 0.2. Masu irin suka ce an makara wajen ɗiba ne, an auna shukar da ke saurin nuna da kalandar masu jinkiri. Sai bayan shekaru aka mai da shi.

A Najeriya doka ba ta raba gajere da dogo ba, ko mai bugarwa da marar bugarwa. Noman kowane irin wiwi laifi ne, hukumar NDLEA kuma tana kama mai yi. Ghana ta ɗauki wata hanyar: a 2020 ta yi dokar ba da lasisin noman wanda bai wuce 0.3 ba, kotun ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta sake zartar da shi a 2023.