ƘANANAN HALITTUN DA KE BA DA SHAIDAR TEKU A AREWA

Duk maginin da ya farke buhun siminti a unguwar Ƙetaren Gwari ta birnin Minna, in dai simintin nan daga Kalambaina ta Sakkwato ya fito, to, abin da yake kwaɓawa da yashi asalinsa ƙasan teku ne. Dutsen farar ƙasa da ake ƙonawa a masana'antar Kalambaina, wadda ta soma aiki a 1967, ya taru ne kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, sa'ad da ruwan gishiri ya lulluɓe ƙasar Sakkwato.

Daga cikin masu ba da shaidar haka akwai waɗansu ƙananan halittu dangin ƙaguwa da jatan lande, waɗanda masana ke kira ostirakod. Galibinsu tsawonsu milimita 1 ne, watau ba su kai ƙwayar gero ba. Kowannensu yana zaune ne cikin ɓawo mai murfi biyu, kuma idan ya mutu, naman ya ruɓe, ɓawon sai ya nutse cikin laka, ya zama dutse tare da ita. Har yau akwai 'yan'uwansu masu rai a tekuna da tafkuna da kududdufan damina.

Gano su aiki ne na mai haƙuri. Akan farfasa dutsen, a jiƙa shi har ya yi laushi, a wanke cikin rariya mai ƙananan idanu, a shanya. Sa'an nan masani ya zauna gaban madubin da ke ƙara girman abu, yana tsince su ɗai-ɗai da jiƙaƙƙen buroshi mai tsini.

Babbar wahalar kuwa ita ce ta rarrabe su iri-iri, domin naman da za a duba ya daɗe da ɓacewa, sai ɓawo kaɗai. Saboda haka akan duba siffar ɓawon, da zanen bayansa, ko sumul yake ko mai ƙaya ko mai ramuka kamar saƙar zuma. Akan duba mahaɗin murafun biyu, ko yana da haƙora da gurabensu ko babu, da kuma tabon da tsoka ta bari a ciki. Da waɗannan alamu ne ake raba su gida-gida, irin su Bairdia da Cytherella da Buntonia, waɗanda duk an same su a Kalambaina.

Amma fa akwai tarko. A irin da yawa namiji ya fi tsawo, mace ta fi kauri. Bugu da ƙari, halittar tana saɓa kamar maciji, wajen sau 8 kafin ta balaga, kowane karo ta yar da ɓawo mai girma dabam. Wanda bai ƙware ba sai ya raɗa wa uwa da uba da 'ya'ya sunaye uku, alhali gida ɗaya ne.

Wanda ya fi shahara a kan wannan aiki a Nijeriya shi ne Shaihun Malami Richard Reyment, haifaffen Ostareliya, wanda ya yi aikin binciken duwatsu a ƙasar nan a shekarun 1950. Ya wallafa nazarinsa a kan ostirakod na Nijeriya a 1960 da 1963, kana a 1981 ya fitar da na Kalambaina. Ya shahara da auna ɓawo masu yawa yana kwatanta su da lissafi, maimakon dogara da ganin ido kawai.

Abin da rarrabewar ta nuna shi ne, waɗansu irin da ke Sakkwato akwai su a duwatsun Libiya da na kudancin Nijeriya. Tun da yake halittun nan rarrafe suke yi a ƙasan ruwa mara zurfi, ba sa tsallaka tudu, ashe ke nan akwai lokacin da teku ta ratsa inda Hamadar Sahara take a yau.

A nan ne Jihar Neja ta shigo cikin maganar. Minna kanta a kan tsohon dutse take, wanda zafin cikin ƙasa ya narkar ko ya gasa, don haka ba a samun irin waɗannan halittu a cikinsa. Amma kudu da yamma da ita akwai Kwarin Bida, mai duwatsun yashi da laka da tama, kuma waɗansu masana suna ganin ta nan ne tekun Arewa ta taɓa haɗuwa da ta Kudu.

Wannan kuwa ba zancen tarihi kaɗai ba ne, domin Kwarin Bida da na Sakkwato suna cikin wuraren da Nijeriya ke neman man fetur. Mai haƙa rijiyar mai ba ya ganin dutsen da yake hudawa, sai ɓarɓashin da ke fitowa. Babbar halitta takan niƙe a bakin injin, amma ƙaramin ɓawo yakan fito lafiya, ya faɗi shekarun dutsen, da kuma ko ruwan gishiri ne ko na daɗi ya ajiye shi. In aka kuskure sunansa, an kuskure lissafin, dukiya mai yawa ta bi rami.

Saboda haka ɗaliban ilmin duwatsu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, da takwarorinsu na Zariya da Sakkwato, suna da aiki a gabansu. Mutanen da sukan ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne sun yi gaskiya, kuma ƙasar da ke son sanin abin da ke ƙarƙashinta tilas ta horar da 'ya'yanta su iya karanta shi da kansu.