Kayan gyaran gashin kare

Kayan gyaran gashin kare su ne buroshi, mataji, almakashi da kilifa da ake amfani da su wajen taje gashin kare, cire wanda ya mutu, da rage tsawonsa. Irin gashin ne ke nuna kayan da za a ɗauka, domin abin da ya dace da wani kare yana iya cutar da wani.

Karnuka masu gajeren gashi, kamar Boxer da Azawakh na Nijar da Mali, buroshin roba ya ishe su.

Aikin ya fi yawa ga masu gashi ruɓi biyu, irin su German Shepherd da Siberian Husky. A ƙarƙashin gashin sama akwai wani mai laushi da ke zuba sosai, yawanci sau biyu a shekara, kuma ana cire shi da mataji mai dogayen haƙora. Wasu kan aske irin waɗannan karnuka lokacin zafi, amma kuskure ne: gashin yana kare fata daga ƙunar rana, kuma wani lokaci ba ya sake fitowa yadda yake.

Gashin Poodle a nannaɗe yake, kuma yana ta ƙara tsawo. Ana taje shi da buroshi mai siraran wayoyi, a rage shi da kilifa duk bayan mako 4 zuwa 8. Idan aka bar shi ya cukurkuɗe, yana jan fata ya riƙe danshi, har ya haifar da gyambo.

Terrier masu gashi mai tauri kuwa tsige musu mataccen gashin ake yi, da hannu ko da dakusasshiyar wuƙa, saboda kilifa tana sa gashin ya yi laushi, launinsa ya koɗe.