Auna Bayanin Kayan Aikin Na'ura

Mu masu koyon malanta an sha gaya mana, in yara talatin suka ɓata amsa wuri guda, a fara duba tambayar tukuna. To, haka abin yake ga na'urorin nan masu basirar kwamfuta waɗanda a ke aika su yi wa mutum aiki.

Irin wannan ɗan aike ba ya ganin cikin manhajar da zai ɗauka. Sunanta kaɗai a kan ba shi, da ɗan bayani a rubuce. A Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP don haɗa su da kayan aiki, amma kyaun bayanin ya rage ga mai rubuta shi.

A ce ga manhaja mai faɗin farashin shanu a kasuwar Mubi, bayaninta kuwa "tana ba da farashi" kurum. Naira ko sefa? Ga Kamaru nan kusa. Na yau ko na makon jiya? Sai ɗan aike ya yi ta cinke.

Gwajin kuwa kamar jarrabawa ne. A ba shi ayyuka da dama, a ƙidaya sau nawa ya zaɓi manhajar da ta dace, ya kuma cika ta daidai. Sa'an nan a gyara kalmomin inda ya yi tuntuɓe, a sake maimaita masa ayyukan nan, a ga ko makinsa ya ƙaru.